Ƙwayar ƙara kuzari: a hukunta ɗan wasa, a kuma nemo wanda ya ba shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana a kan 'yan wasanmu da ake kamawa da ƙwayoyin ƙara kuzari. Duk sanda irin wannan labari ya ɓulla, sai jama'a su rabu biyu: wasu su ce Turawa ne ke mana hassada, wasu su ce a kori ɗan wasan har abada tunda ya zubar mana da mutunci. Bayan mako guda a manta, a bar yaro ko yarinya da hukunci, wanda ya kawo allurar kuma ya ci gaba da yawo a filin atisaye. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ya kamata a fara sanin yadda gwajin yake. Jami'i zai sanar da ɗan wasa, daga nan ba zai ɗauke ido daga kansa ba har ya ba da fitsari a gabansa, aƙalla mililita 90. Ɗan wasan da hannunsa zai raba shi cikin kwalabe biyu, A da B, ya rufe, ya duba lambobin, sannan ya rubuta duk maganin da ya sha cikin kwana bakwai da suka wuce. A wannan takardar ake yawan yin sakaci, domin wanda bai rubuta maganin mura ba a ranar, zai sha wuya kafin a yarda da shi bayan wata biyu. In kwalbar A ta nuna wani abu, yana da haƙƙin a buɗe ta B a gabansa ko gaban wakilinsa. Ƙa'idar WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, kuwa ba ta da kwana-kwana: abin da aka samu a jikinka, kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Rashin sani na iya rage hukunci, amma ba ya goge laifi. Wanda ya yi da gangan shekara huɗu ce, wanda ya nuna ba da gangan ba ne, daga shekara biyu zuwa ƙasa.

André Onana, mai tsaron ragar Kamaru, misali ne mai kyau. Yana Ajax aka samu furosemide a fitsarinsa, maganin da ke sa yawan fitsari, wanda aka haramta saboda ana ɓoye wasu ƙwayoyi da shi. Ya bayyana cewa ya ɗauki maganin matarsa ne bisa kuskure. A Fabrairun 2021 aka dakatar da shi wata goma sha biyu, kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta mayar wata tara. An yarda kuskure ne, amma sai da ya yi zaman. Ya dawo, ya tsare wa Inter raga a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a 2023.

To idan ɗan wasan Ajax mai likitoci kewaye da shi ya faɗa wannan rami, ina ga yaron da ƙafarsa ke ciwo ya shiga kemis ya ce a haɗa masa? Tun ranar 1 ga Janairun 2024 tiramol ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa, kuma kowa ya san yadda ake shansa a garuruwanmu kamar alewa. Dexamethasone, na sha ko na allura, haramun ne a lokacin gasa. Wasu magungunan mura na ɗauke da pseudoephedrine, wanda ke da iyakar da ba a so a wuce. Ga kuma garin gina jiki da haɗin gargajiya da babu mai iya rantsewa a kan abin da ke ciki. Mai asma ko wani ciwo da dole sai da haramtaccen magani yana da hanyar neman izini a rubuce kafin gasa, sai dai nawa ne cikin masu horarwarmu suka taɓa ganin fom ɗin?

Wanda ya yi da gangan kuma ya ƙi gaskiya, ban ga dalilin tausaya masa ba, ko da kuwa tauraro ne. Blessing Okagbare, 'yar tseren Najeriya, ta lashe zagayen farko na tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo a Yulin 2021, washegari aka dakatar da ita. An samu sinadarin ƙara girman jiki da kuma EPO, mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Waɗannan ba a shan su bisa kuskure. A Fabrairun 2022 aka yanke mata shekara goma, kuma a lura da rabon: biyar na ƙwayar, biyar na ƙin ba masu bincike haɗin kai. Daga baya aka ƙara shekara ɗaya. Rabin hukuncin nan da kanta ta jawo shi bayan an riga an kama ta. Abin baƙin ciki, ita ce wadda lambar tagullarta ta dogon tsalle a gasar Olamfik ta Beijing 2008 ta koma azurfa saboda an kama wata 'yar Rasha da ƙwaya, wato ta san zafin a cuce ka. Wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari: a gasar Commonwealth ta Birmingham a 2022 an ƙwace zinaren tseren miƙa sanda na matan Najeriya saboda gwajin Grace Nwokocha, sauran ukun suka rasa lambar da suka yi wa gumi ba tare da sun yi komai ba.

Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mutumin da ya samar wa Okagbare ƙwayoyin, Eric Lira na birnin El Paso, Amurka ce ta gurfanar da shi ƙarƙashin dokar Rodchenkov ta 2020, wadda aka yi ta musamman domin masu kawowa da masu shiryawa. Ya amsa laifi, aka ɗaure shi wata uku a 2024. Hukuncin ya yi kaɗan, amma dai an kai ga tushen. Yarinya 'yar shekara 16 kamar Chika Amalaha, mai ɗaga ƙarfe da aka karɓe wa zinare saboda ƙwaya a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014, ba ita kaɗai ya kamata a tuhuma ba. Wa ke kula da abincinta da magungunanta a sansani?

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Tokyo. An hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya shiga gasa, ba don an same su da komai ba. A lokacin Najeriya na cikin rukunin ƙasashen da doka ta ce dole a yi wa kowane ɗan wasansu gwajin ba-zata sau uku cikin wata goma kafin babbar gasa, kuma ba a cika wannan ba. Aikin ofis ne, aikin kalanda da kuɗin aika samfur. Yaran suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a ƙauyen 'yan wasa. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma wakiltar Amurka, ta ci azurfa a jifan guduma a gasar Olamfik ta Paris 2024. Ɗan wasan da ke jerin masu gwajin ba-zata dole ya ba da sa'a ɗaya kowace rana da adireshin da za a same shi, in ya kuskure sau uku cikin wata goma sha biyu zai iya shan shekara biyu. Me ya sa jami'in da ya kuskure wa mutum goma ba shi da irin wannan ma'auni?

Batun dama ta biyu kuwa, dokar da kanta ta buɗe ƙofa, mu ne ba ma nuna wa yaranmu ita. Wanda ke fuskantar shekara huɗu, in ya amsa laifi ya karɓi hukunci cikin kwana 20 da tuhuma, ana rage masa shekara ɗaya. Wanda ya ba da bayanin da ya kai ga kama mai kawowa, ana iya jingine masa har kashi uku cikin huɗu na wa'adin. Lokacin dakatarwa ba zai yi atisaye da ƙungiya ba sai a wata biyun ƙarshe, ko rubu'in ƙarshe na wa'adin in shi ya fi gajarta, kuma ana iya zuwa gwada shi kowane lokaci. Wanda ya saci jiki ya shiga gasar gida da sunan motsa jiki, sabon wa'adi zai jawo wa kansa. Chioma Ajunwa an dakatar da ita shekara huɗu a 1992, ta dawo ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996, zinaren Olamfik na farko da wani ɗan Najeriya ya ci shi kaɗai. Da an rufe mata ƙofa, da babu wannan zinaren.

Roƙona ga hukumomin wasanni na tarayya da na jihohi shi ne, duk ɗan wasan da aka tuhuma a haɗa shi da lauyan da ya san dokar WADA a makon farko, kafin kwana 20 ɗin nan su wuce. Kowace tuhuma ta zo da bincike a kan koci da likita da mai tausa, a kuma bayyana sakamakon. A fassara jerin haramtattun magunguna zuwa Hausa duk watan Janairu, da sunayen da masu kemis suka sani, a liƙa a filin wasa na Sani Abacha a Kano da na Ahmadu Bello a Kaduna, a ɗakin sauya kaya inda yaran za su gani.

Wassalam,
Mai bibiyar wasannin guje-guje, Kaduna.