Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a kan ƙiriniyar jikana

Assalamu alaikum. Ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara. Babanku da ƙannenki suna gaishe ku, mu nan Maraɗi sai godiyar Allah.

Na ji muryarki a karye ranar da kika kira ni a kan yaron nan. Kin ce ba ya zama wuri ɗaya, duk abin da ya gani sai ya hau, in kin kira shi kamar da bango kike magana, har dangin mijinki sun fara cewa ko dai iska ce ko kuma bulala ce ta yi masa kaɗan. Addu'a ba ta yawa, ki ci gaba da yi masa tofi safe da yamma. Amma duka kam, ina roƙonki kada ki yarda.

Ɗan shekara 3 dama ƙiriniya ce aikinsa, kuma yawancinsu suna natsuwa da kansu. Sai dai akwai wata lalura da likitoci suka sani, ta kasa tsayar da hankali da yawan motsi. A takardun Faransanci TDAH ake rubutawa, a na Ingilishi ADHD. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, an fi gano ta a maza, kuma galibi gadonta ake yi, don ta shafi yadda ƙwaƙwalwa take girma. Saboda haka ki daina ɗora wa tarbiyyarki laifi.

Ki riƙa auna shi da sa'o'insa, kada ki auna shi da yayyensa. In an zauna tatsuniya, sauran suna saurare ko na ɗan lokaci shi kuwa ya tashi tun ba a kai ko'ina ba? Yana barin tuwo ya gudu bayan loma biyu, kullum? Yana faɗawa titi gaban kabu-kabu ba waiwaye, ya ji ciwo yau, gobe ya koma? Yana iya jiran a zo kansa in ana raba abu, ko fizga yake yi? Abin da ya fi muhimmanci shi ne halin ya daɗe, wata 6 ko fiye, kuma a gan shi a wuri fiye da ɗaya: gida, gidan maƙwabta, makarantar allo. Yaron da yake ƙiriniya a gabanki kaɗai, amma ya natsu a wajen wasu, da wuya a ce wannan lalura ce. Ko a Amurka, ƙa'idar likitocin yara ta 2011 daga shekara 4 ta fara ba da damar binciken wannan lalura. Don haka kada kowa ya laƙaba masa ciwo yanzu.

Kafin nan akwai abubuwan da suke kama da ita, kuma su na fi so ki fara dubawa. A duba kunnensa, don yaron da ba ya ji sosai ana ce masa mai taurin kai alhali bai ji ba ne. A duba jininsa, ko akwai ƙarancinsa. Ki lura da barcinsa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar awa 10 zuwa 13, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Sai kwalli. Na san kina son rangaɗa wa yara shi, amma wanda ake niƙawa daga dutse sau da yawa yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma tana ɓata ƙwaƙwalwar yaro. Ba ki manta yaran Zamfara da gubarta ta hallaka a 2010 ba. Ki daina sa musu.

Ko da likita ya tabbatar da lalurar nan gaba, a ƙananan yara ba da magani ake farawa ba, iyaye ake fara koya wa yadda za su bi da yaron. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki kira sunansa, ku haɗa ido, ki ba shi umarni ɗaya gajere. In ya yi, ki yaba masa nan take. Lokacin ci da na barci su zama tsayayyu. Ki bar shi ya yi gudu a tsakar gida har ya gaji, amma a rufe rijiya, a kau da shi daga murhu. Maganin sa barci na masu talla a kasuwa, kada ko ɗigo ya shiga bakinsa.

Ki riƙa rubuta abin da kika gani a ɗan littafi, da rana da wurin da abin ya faru. In Allah ya kai mu hutu, ku zo da littafin da katin awonsa, mu je tare wajen likitan yara a asibitin uwa da ɗa na nan Maraɗi. Ki karanta wa maigidanki wannan wasiƙa, don dole bakinku ya zama ɗaya a kan yaron nan. Allah ya raya mana shi, ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki