Jarrabawar Baka Ta Turanci: Harshe Ake Horarwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili domin masu shirin jarrabawar baka ta Turanci, musamman IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci ga masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje. Da yawansu kan duƙufa kan littafin nahawu, alhali baki ne zai yi aikin ranar.

A IELTS, ganawa da mai jarrabawa minti 11 zuwa 14 ce, kashi uku. Na biyun ne ya fi kayar da ɗalibai: a miƙa maka kati mai maudu'i, a ba ka minti ɗaya ka shirya, sannan ka yi ta magana har minti biyu ba mai tanka maka. Wanda bai saba ba, kafin a je ko'ina zance ya ƙare masa. Don haka kullum ka ɗauki maudu'i guda, ka rubuta kalmomi huɗu ko biyar kacal, ka naɗi muryarka a waya. Saurara, ka ƙirga wuraren da ka tsaya kana lalube, ka sake maimaitawa sau biyu. Jin muryarka ba daɗi da farko, amma daure.

Wajen furuci, Bahaushe kan haɗa "p" da "f" domin Hausa ba ta bambanta su. Riƙe takarda gaban bakinka: "p" leɓɓa biyu ne ke haɗuwa, iska ta buge takardar; "f" kuwa haƙoran sama ne kan leɓen ƙasa.

Haddace amsa kuma asara ce. Mai jarrabawa yana ganewa, kuma a kashi na uku tambayoyinsa kan bi abin da ka faɗa.

Naku,
Wasu malaman Turanci