Mai tara kuɗin shekara ya riƙa duba lissafinsa duk ƙarshen wata

Assalamu alaikum, Malam Edita. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure waɗanda kan ƙudura niyyar tara wani kuɗi a shekara, na haya ne ko na ragon layya ko na jari, amma shekara ta ƙare ba su kai ko rabi ba. Sau da yawa ba ƙarancin samu ne kaɗai ke jawo haka ba. Mutum yana zuba kuɗi yana ɗiba, bai taɓa zama ya duba inda ya kwana ba sai ranar da mai gida ya aiko a kawo kuɗin haya.

Kuskuren farko shi ne raba kuɗin gida goma sha biyu daidai wa daida. Wanda ke son tara N600,000 sai ya ce N50,000 duk wata. Amma watannin ba ɗaya suke ba. Watan azumi da ɗinkin sallah yana cin kuɗi, haka ma Satumba lokacin da yara ke komawa makaranta. Ya fi dacewa tun farko mutum ya ware watanni biyu masu nauyi ya sa musu N25,000 kowanne, sauran goman kuma N55,000. Jimilla dai N600,000 ce, sai dai wannan tsarin ya san halin gida. Manomi da mai sayar da kayan gona su ma su yi nasu rabon bisa kaka da damina, ba bisa watan albashi ba.

Daga nan sai a samu littafi na musamman, ko da na 'yan makaranta ne, a ja layuka biyar. Layi na farko sunan wata, na biyu abin da aka yi niyyar zubawa, na uku abin da aka zuba da gaske, na huɗu jimillar da ya kamata a ce an kai a ƙarshen wannan watan, na biyar jimillar da ke ajiye. Layi na huɗu a cike shi gaba ɗaya tun ranar farko, daga watan farko har na ƙarshe, domin shi ne ma'auni. A tsayar da rana guda ta dubawa, misali washegarin shigar albashi, ko Juma'ar ƙarshe ta wata ga ɗan kasuwa. Kuma adadin da za a rubuta a layi na biyar a ɗauko shi daga abin da banki ya nuna ko abin da aka ƙirga da hannu, kada a rubuta shi da ka, saboda kuɗin saƙon waya da sauran 'yan cire-ciren banki suna rage shi kaɗan-kaɗan.

Amfanin littafin yana fitowa ne ranar da aka ga giɓi. A ce a ƙarshen wata na huɗu ya kamata a kai N190,000, wato watanni uku na N55,000 da wata guda mai nauyi na N25,000, amma abin da ke ajiye N160,000 ne. Giɓin N30,000 ke nan. Mutane da dama sukan ce za su cike shi duka a wata mai zuwa, sai zubin watan ya koma N85,000, su kasa, daga nan zuciya ta karaya su watsar da littafin. Abin yi shi ne a raba giɓin a kan watannin da suka rage marasa nauyi. Saura wata takwas, ɗaya daga ciki Satumba ne, don haka a raba N30,000 gida bakwai, ya zama ƙarin kusan N4,300 a wata. Wannan mai yiwuwa ne. In kuwa giɓin ya haura zubin wata biyu, to a gaya wa kai gaskiya, a rage burin ko a ƙara wa'adin, a sake cike layi na huɗu.

Akwai kuɗin da ba a sa su a layi na biyar. Bashin da aka ba ɗan'uwa ba ajiya ba ne sai ranar da ya dawo, komai amanar wanda ya karɓa. Batun adashi ma yana rikita lissafi ƙwarai. Wanda ya yi kwasar farko ko ta biyu, yawancin abin da ke hannunsa kuɗin mutane ne, zai ci gaba da biya har zagaye ya ƙare. Abin da zai rubuta a matsayin nasa shi ne jimillar zubin da ya riga ya yi kawai. Wanda ke zubi kullum wurin mai adashin kasuwa kuma ya tuna cewa a al'ada zubin kwana ɗaya na mai adashin ne: N2,000 a kwana 30 ba N60,000 ba ce a littafi, N58,000 ce.

Sai maganar tsadar kaya, wadda muke ganin ita aka fi mantawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan shekara, mutum zai iya cika kowane layi na littafinsa daidai, amma ya je kasuwa ya tarar kuɗin bai isa ba. Saboda haka in burin wani abu ne da za a saya, keken ɗinki ko babur ko kwanon rufi, a je a tambayi farashinsa duk bayan wata uku a rubuta a gefen shafi. In ya tashi, a ƙara bambancin a kan watannin da suka rage kamar yadda aka yi da giɓi. Mai tarin kuɗin layya kuma ya lura cewa sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka ya ƙirga watanninsa daga ranar sallar da ke tafe, kada ya dogara da ta bara.

Wurin ajiya ma yana shafar lissafi. Kuɗin da ke cikin asusun da ake cefane da shi ba ya taruwa. A buɗe wani asusun daban, kuma kada a karɓar masa katin cirar kuɗi. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus. A tabbatar wurin yana ƙarƙashin inshorar NDIC, wato hukumar da ke lamunce kuɗin masu ajiya a bankunan Najeriya, wadda tun 2024 take lamunce ajiya har Naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan da ake kira maikirofainans. Duk mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda a guje shi. Mutanenmu da yawa ba su manta da yadda MMM, wata harkar zuba kuɗi ta damfara, ta tafi da kuɗinsu a 2016 ba.

Muna kuma ba da shawarar a ware ɗan wani abu daban, ko N5,000 ce a wata, domin rashin lafiya da gudummawar biki da ta'aziyya, don waɗannan su ne suka fi fasa ajiyar shekara. In lalura ta tilasta aka taɓa babbar ajiyar, a rubuta adadin da ranar da dalilin a littafi nan take, sannan a gyara layi na biyar kafin ranar dubawa ta zo.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Daga wasu masu karatu, Kano.