Amsa ga ƙanina da ya ce ƙin ramawa ragwanci ne

Assalamu alaikum ƙanina,

Ranar Asabar a wajen muhawarar nan ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni, wai in ana zaluntar mutum ya ƙi ɗaga hannu meye bambancinsa da rago, har ka ƙara da cewa wannan tunanin na Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ne ba namu ba. Lokaci ya ƙure ban amsa maka yadda nake so ba, abin kuma ya tsaya min a rai.

Toh ka nemi labarin Abdul Gaffar Khan. Musulmi ne ɗan ƙabilar Pashtun daga Utmanzai kusa da Peshawar, Pakistan ta yau, mutanen da ake gadon gaba a cikinsu daga kaka har jika, in an zubar da jinin naka sai ka zubar. A 1929 ya kafa Khudai Khidmatgar, wato masu yi wa Allah hidima, suna sa jajayen riguna suna fareti kamar soja amma ba bindiga, kuma kafin ka shiga sai ka rantse ba za ka ɗau fansa ba, za ka yafe wa wanda ya cuce ka. Hujjarsa haƙurin Manzon Allah (SAW) a Makka.

Ranar 23 ga Afrilu 1930 a kasuwar Qissa Khwani da ke Peshawar sojojin Turawan Ingila, masu mulkin ƙasar a lokacin, suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, ciki har da 'yan Khudai Khidmatgar, mutanen nan hannunsu ba komai, na gaba ya faɗi na baya ya matso ya tsaya a gurbinsa, aka kashe da yawa. Kai dai ka faɗa min, rago zai tsaya a wurin nan? Wallahi ni duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kuma a lokacin ne wasu sojojin Turawan, 'yan yankin Garhwal na arewacin Indiya, waɗanda Hindu ne ma, aka ce su yi harbi suka ƙi, aka kai su kotun soja aka ɗaure su.

Nan hikimar take. Azzalumi ba ya zalunci shi kaɗai, sai da mai riƙe masa bindiga da mai rubuta masa takarda da mai biyan haraji, in ka jefi soja da dutse ka ba shi uzuri, tsoro ma zai sa ya harba, in ka tsaya hannu sake ka ƙi matsawa ka kuma ƙi yin biyayya, ka bar shi da zuciyarsa.

Ban ce maka ramuwa daidai da cuta haramun ba ce, ban kuma ce hanyar nan tana da sauƙi ba, shi kansa Khan ya yi shekaru masu yawa a kurkuku, na Turawa da na Pakistan, kafin ya rasu a 1988 aka binne shi a Jalalabad ta ƙasar Afghanistan. Kalmar rago ɗin nan dai nake roƙon ka janye, don mutanen da suka kwanta a kasuwar nan ba su cancance ta ba.

Naka,
Yayanka