Maganar raba jihohi: a dubi abin da ya faru a Pembrokeshire

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin labarin ƙasa ne nan Sakkwato, kuma tunda anka sake tada maganar ƙirƙiro sabbin jihohi nake ta tuna wani yanki na ƙasar Wels ta Birtaniya, Pembrokeshire. Can ƙuryar kudu maso yamma yake, teku ya zagaye shi gefe uku, babban garinsu Haverfordwest, ga tashar jiragen ruwa ta Milford Haven inda ake sauke man fetur da gas, arewa kuma duwatsun Preseli.

To a 1974 sai gwamnati daga Landan ta haɗe shi da Carmarthenshire da Cardiganshire, anka ce musu Dyfed, hedkwata Carmarthen, shi kuma Pembrokeshire anka tsaga shi gida biyu, Preseli da Pembrokeshire ta Kudu. Wallahi mutanen nan ba su taɓa sakin sunansu ba, shekara 22 suna ƙorafi hukuma ta yi musu nisa, har ran 1 ga Afrilu 1996 anka rushe Dyfed anka maido musu da majalisarsu. Abin da ke burge ni, su kansu ba harshe guda ba ne fa, arewa Welshanci ake ji, kudu Turanci tun ƙarni na 12 da anka zaunar da baƙi 'yan Flanders (yankin da mafi yawansa ke cikin Beljiyam yanzu) a wurin, amma duk da haka kowa ya ce shi ɗan Pembrokeshire ne.

Shekarar nan ta 1996 ita ce dai anka cire Zamfara daga Sakkwato, ran 1 ga Oktoba, bayan Kebbi ta fita 1991, Neja kuma tun 1976 da anka raba jihar Arewa maso Yamma. Duk soja ne sunka yanka mu, ba wanda ya tambayi manomin Gummi ko na Argungu ina yake so a sa shi. Ban ce rabuwar ba ta yi amfani ba, Gusau da Birnin Kebbi sun ci gaba, amma akwai dangin da iyaka ta ratsa tsakiyar gonarsu.

Don Allah Malam Edita ku tura wakilinku ƙauyukan kan iyakar Sakkwato da Zamfara da Kebbi, ya zauna da dattawa ya ji bakinsu kafin 'yan majalisa su sake ɗauko taswira.

Naku,
Wani malamin makaranta, Sakkwato