Wasiƙar Godiya Ga Kamfanin Da Ya Haɗa Mana Famfon Mai Mai Zafi

Zuwa ga injiniyoyi da kanikawa da ma'aikatan sashen kula da abokan ciniki,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na ga ya dace wannan godiya ta fito fili maimakon in aiko muku ita a ɓoye. Akwai masu aiki irin nawa da ke fama da abin da muka yi fama da shi, kuma da na samu wanda ya ba ni wannan labari tun da wuri, da ban kwana a gindin inji sau da dama ba.

Ni ne mai kula da sashen gyaran injina a wata masana'anta da ke dumama kayan aikinta da mai mai ɗaukar zafi. Man yana zagayawa cikin bututu a kan digiri 280 na ma'aunin Salshiyas. Akwai wani ƙaramin reshe a layin da ba ya buƙatar mai da yawa, lita 2,000 a awa ta ishe shi, amma dole a tura man da matsi mai ƙarfi domin ya ratsa siraran hanyoyi masu lanƙwasa. Wannan reshe shi ya hana mu barci. Famfon da muka gada a wurin irin na majaujawa ne, wato mai fankar da ke watsa ruwa daga tsakiya zuwa gefe. Famfo ne mai kyau, amma an yi shi ne don kwasar ruwa mai yawa. Mu kuwa sai muka shaƙe masa wuya da bawul don ya ba mu kaɗan. Yana ta jijjiga, boris ɗin da sandarsa ke juyawa a ciki yana mutuwa, sil ɗin da ke hana mai fita ta gefen sandar yana yoyo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mai mai zafi ke jiƙa audugar da ake naɗe bututu da ita ya san abin da nake tsoro, domin irin wannan jiƙaƙƙiyar auduga tana iya kama wuta da kanta ba tare da an kusanto da ashana ba.

Da muka tuntuɓe ku, na zaci za a turo mana takardar jerin kaya a ce mu zaɓa. Sai ga tambayoyi sun cika shafi biyu. Nawa ne zafin man idan ana aiki, nawa ne kuma da asuba idan an kwana a kashe? Yaya kaurinsa yake idan ya huce? Tankin da famfon ke sha daga ciki, mita nawa ya ɗara shi tsawo? Akwai datti a layin? Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushi a lokacin, har na ce wa mataimakina waɗannan mutane sun fi son rubutu da sayar da kaya. Ashe kowace tambaya akwai inda za ta tsare mu.

Abin da kuka ba mu shawara a kai shi ne famfo mai maimaita turi, wanda 'yan kasuwar injina ke kira rijanaratib. Da injiniyanku ya buɗe shi a kan teburinmu, wani yaron shagonmu ya yi dariya ya ce wannan ai faifai ne mai haƙora. Bai yi ƙarya ba. Fankarsa faifai ce guda, da ƙananan haƙora jere a bakin gefenta ta fuska biyu, tana juyawa cikin wani kwari da aka sassaƙa a jikin bodin famfon. Injiniyan ya ɗauki alƙalami ya zana mana tafiyar ɗigon mai guda. Haƙori ya ɗauke shi ya wurga shi cikin kwarin, bangon kwarin ya juyo da shi ya sake faɗawa gindin wani haƙorin, a sake wurga shi, haka yake ta murɗawa kamar igiyar da ake tufkawa har ya kai mafita. A famfon majaujawa ruwa sau ɗaya yake ratsa fanka ya wuce. A nan kuwa kowane zagaye ƙarin ƙarfi ne a kan na baya, shi ya sa faifai ɗaya ke ba da matsin da ya ninka na famfon majaujawa mai faɗi da gudu iri ɗaya sau da dama. Tsakanin mashiga da mafita akwai wani ɗan shinge da ya kusa shafar faifan, shi ke tare man da ya riga ya samu matsi kada ya koma baya.

Abin da ya fara sa na yarda da ku shi ne ba ku ɓoye aibin kayanku ba. Kun faɗa mana cewa irin wannan famfo ba gwanin tattalin wuta ba ne, sau da yawa abin da ke zama aiki bai kai rabin ƙarfin da ya ci ba, sauran yana tafiya ne a gogayyar man da kansa. Sai dai a ɗan ƙaramin kwarara irin namu, wanda muke shaƙewa ma bai fi shi ba. Kun ce ba ya son mai mai kauri. Kun ce ba ya shiri da datti ko kaɗan. Har ma akwai wani layi na biyu da na so mu sa masa irinsa, na ruwan wanke-wanke mai ɗauke da yashi, kuka ce a'a, ba zai yi wata uku ba. Ciniki ne a hannunku kuka ajiye. Na daɗe ina hulɗa da masu kawo kaya, ban cika jin kalmar a'a daga bakin mai sayarwa ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma abin kunya ne a gare mu.

Mako na uku da kafa famfon, da dare, ya cije. Aka tashe ni a waya, na zo na tarar injin lantarkin ya katse kansa, sandar ta ƙi juyawa ko da an sa hannu. Da gari ya waye na kira ku da muryar da ba na alfahari da ita. Injiniyanku bai yi musu da ni ba, ya ce kada mu kwance komai sai ya iso. Da ya zo ya buɗe, ya ɗaga faifan zuwa haske ya nuna mini wani shuɗin tabo a bakinsa, daidai inda ya goga da shingen nan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da famfon yana sanyi aka sako masa man?" Na juya na dubi masu aikin dare, kowa ya sunkuyar da kai.

Lissafin da ya yi mana a bayan takarda har yau yana manne a bangon shagonmu. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana miƙewa kimanin milimita 0.016 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Faifanmu faɗinsa milimita 150 ne. Idan ya tashi daga zafin ɗaki zuwa zafin aiki, ƙarin digiri 250 ke nan, faɗinsa zai ƙaru da kusan milimita 0.6. Ratar da ke tsakaninsa da bodi kuwa ba ta wuce kaurin silin gashi biyu ko uku ba. Idan an dumama su tare a hankali, bodin ma yana buɗewa, ratar tana nan. Amma faifai siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi, bodi kuwa mai kauri ne, sai ya ɗauki lokaci. Aka kwararo mai mai digiri 280 farat ɗaya, faifan ya kumbura cikin gidan da bai riga ya buɗe ba. Duk wannan yana rubuce a littafin da kuka ba mu. Ba mu karanta ba.

Bai tsaya nan ba, domin ya lura da wani abu a takardar aikin dare. Yaranmu sun tayar da famfon ne da bawul ɗin fita a rufe, kamar yadda ni da kaina na koya musu shekara da shekaru. A famfon majaujawa haka ake yi, saboda a rufe ne ya fi cin wuta kaɗan. Wannan kuwa akasin haka yake. Iya yadda ka matse masa mafita, iya yadda matsi ke hawa, wutar da yake ja tana hawa tare da shi, kuma a rufe ruf ne yake kai maƙura. Injiniyan ya maƙala na'urar auna amfiya a waya, ya sa mataimakina ya riƙa rufe bawul a hankali bayan an gyara, muna kallon lambar tana hawa. Gani ya kori ji. Shekaru ashirin ina wannan aiki, ranar na koma ɗalibi a gaban yarana, kuma ya yi abin cikin ladabin da bai sa na ji an muzanta ni ba. Ko a rahoton da ya rubuta wa shugabanninmu bai ambaci sunan kowa ba, ya rubuta abin da ya faru da abin da za a gyara kawai.

Kwana biyu ya yi tare da mu. Aka ja ɗan siririn bututu da ke barin mai kaɗan ya riƙa ratsa famfon yana dumama shi kafin a kunna. Aka sa bawul mai buɗe kansa idan matsi ya wuce iyaka, yana mai da man tanki. Rariyar da ke gaban mashiga, wadda wani daga cikinmu ya cire saboda wai tana yawan toshewa, aka mai da ita, aka sa geji gabanta da bayanta don a san lokacin wanke ta. Ya kuma sa muka sake daidaita famfon da injin lantarkinsa bayan sun yi zafi, domin saitin da aka yi da sanyi yana gocewa idan ƙarfe ya miƙe.

Wata shawararku da na yi jayayya da ita tun farko, yanzu ita na fi godewa. Kun ce a bar sil gaba ɗaya a ɗauki samfurin da maganaɗisu ke juyawa, inda sandar ba ta huda bodi ta fito waje ba, ballantana a samu kafar yoyo. Na ce ai maganaɗisu yana mutuwa da zafi. Kuka ce gaskiya ne ga na niyodimiyam na yau da kullum, wanda ke fara rauni tun wajen digiri 80, amma na samariyam da kobal yana jure kusan 300. Haka zoben roba da ke toshe mahaɗa don hana yoyo, mai kyau irin wanda muka saba da shi iyakarsa wajen digiri 200, don haka kuka sa gaskit na girafait. Sharaɗi ɗaya kuka gindaya, kada a kuskura a bar shi ya juya babu mai a ciki, domin man ne ke sanyaya boris ɗinsa na ciki yana kuma yi masa santsi. Tun daga ranar ƙasan famfon a bushe take.

Daga baya sashenmu na sanyi ya ɗauki irin wannan famfo don tura ruwan amoniya, wadda ke tafasa a digiri 33 ƙasa da sifiri idan babu matsi a kanta. Ruwan da ke bakin tafasa ba ya rabuwa da kumfa, famfon majaujawa kuwa da kumfa ta taru a tsakiyar fankarsa sai ya daina ja. Naku yana haɗiye kumfar ya wuce da ita. A can ma wata ma'aikaciyarku ce ta tare kuskure tun a takardar oda, ta ga an rubuta faifan tagulla ta kira ta ce amoniya tana cin jan ƙarfe da danginsa. Ba ta taɓa ganin masana'antarmu ba, amma ta karanta abin da muka rubuta fiye da yadda mu muka karanta shi.

Ina da ƙorafi guda, kuma na san za ku karɓa. Gargaɗin dumama famfo kafin a kunna yana can tsakiyar littafinku cikin ƙananan haruffa. Laifinmu ne da ba mu karanta ba, ban janye wannan ba. Amma mai aikin dare da ƙararrawa ke kuka a kansa ba ya buɗe littafi. Ku buga shi a farantin ƙarfe ku ɗaure a jikin famfon, tare da gargaɗin kada a tayar da shi da mafita a rufe. Mu dai mun rubuta namu da fenti.

Famfon ya shiga wata na goma sha huɗu yana aiki. A makon jiya muka buɗe shi don dubawa, muka auna ratar da ma'aunin da injiniyanku ya bar mana, tana nan yadda ya rubuta ta. Ku isar mini da gaisuwa gare shi, da ma'aikaciyar da ta kama maganar tagulla, da wanda ya ɗauki wayata a safiyar nan ya saurare ni har na gama faɗa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku,
Shugaban sashen gyara da kula da injina