Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni dalilin barin 'yata ta je kallon opera

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da iyali da jikoki, na rubuto ne domin in sauke nauyin tambayar da kika yi mini a gaban jama'a ranar taron iyaye na Hausawan yankinmu a nan kudancin Ingila, sa'ad da ake maganar takardun da makarantu ke aiko mana mu sa hannu. Kin ce kin ji na amince autata ta bi 'yan ajinsu zuwa Glyndebourne kallon opera, sai kika tambaya ko mene ne yarinya Bahaushiya 'yar shekara tara za ta tsinta a wasan da ake rerawa da harshen da ba ta ji, a gidan da aka san shi da masu hannu da shuni, kuma ina tabbacin cewa abin da za ta gani bai saɓa wa tarbiyyarmu ba. A ranar lokaci ya ƙure, amsar da na bayar guntuwa ce. Tun da a bainar jama'a aka yi tambayar, kuma na ga iyaye da dama suna gyaɗa kai lokacin da kike magana, ya kamata amsar ita ma ta fito fili.

Opera dai wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa maimakon a faɗe su, ƙungiyar makaɗa tana zaune a wani rami gaban dandamali tana yi wa mawaƙa rakiya. A Italiya aka fara shi, a birnin Florence, wajejen shekarar 1600, kuma a fadojin sarakuna ya fara tasowa kafin a buɗe gidan farko da kowa zai biya ya shiga a Venice a 1637. Idan aka ajiye kayan kiɗan da girman ginin a gefe, abin da ya rage ba baƙo ba ne gare mu. Ke da kanki kin sha ba mu labarin tashen da kuka yi a Kano kuna yara, inda yarinya ɗaya za ta sa babbar riga da hula ta zama maigida, wata ta zama amarya, sauran suna amshi, ana bi gida gida a daren azumi. Haka kuma tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana, da an zo wurin da marainiya ta shiga uku, sai maganar ta koma waƙa. Yaron da ya tashi da wannan ya riga ya san cewa akwai baƙin ciki da farin cikin da magana ba ta iya ɗauka sai an rera.

Game da gidan kuwa, gaskiyarki ce a wani ɓangare, shi ya sa nake so in ba ki tarihinsa kamar yadda yake. Glyndebourne gidan gado ne na wani iyali a karkarar Sussex, kusa da garin Lewes. Mai gidan, John Christie, ya koyar da kimiyya a makarantar Eton, ya kuma yi yaƙin duniya na farko, kuma mutum ne mai son kiɗa har ya gina wani dogon ɗaki a gidansa inda yake tara abokai ana ɗan gwada wasannin opera. A irin wannan zama ne ya haɗu da wata ƙwararriyar mawaƙiya, Audrey Mildmay, suka yi aure a 1931. Da ya fara shirin gina ƙaramin gidan wasa a jikin gidansu, an ruwaito cewa ita ce ta ce masa, in har zai kashe wannan dukiya, to don Allah ya yi abin yadda ya kamata. Wannan shawara ta matar gida ita ce ta mayar da sha'awar mai kuɗi ta zama aikin da duniya ta sani.

Sai kuma ƙaddara ta kawo masa mutanen da yake bukata ta hanyar da babu mai fatan ta. A 1933 'yan Nazi suka karɓi mulki a Jamus, suka kori Fritz Busch daga shugabancin makaɗan gidan opera na Dresden saboda ya ƙi bin su, Carl Ebert ma ya rasa muƙaminsa a Berlin. Waɗannan biyun, tare da Rudolf Bing, Bayahude haifaffen Vienna wanda ya riƙe harkar gudanarwa, su ne suka taya Christie kafa bikin opera na shekara-shekara a gidan. An buɗe shi ranar 28 ga Mayu 1934, a zauren da bai wuce kujeru kusan 300 ba, da wasan shahararren mai tsara kiɗa Mozart mai suna Le nozze di Figaro, wato auren Figaro, kuma mako biyu kacal aka yi a wannan shekarar. Abin da suka kawo daga Jamus shi ne doguwar atisaye: a tara mawaƙa makonni a wuri ɗaya, a gyara motsi da murya tare, har wasan ya zama kamar jiki guda. Nakan tuna wa 'ya'yana cewa wannan wuri da ake yi wa kallon tsantsar al'adar Ingilishi, baƙi ne da suka bar ƙasarsu suka aza harsashinsa. Bing daga baya ya jagoranci kafa bikin Edinburgh a 1947, sannan ya shugabanci babban gidan opera na New York daga 1950 zuwa 1972.

Akwai wani babi na tarihin nan da ya fi kowanne taɓa ni a matsayina na uwa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aka dakatar da bikin, aka mayar da gidan mafakar ƙananan yara da aka kwaso daga Landan saboda ruwan bama-bamai. Audrey ta tafi Kanada da 'ya'yanta biyu, su kuma 'ya'yan talakawan birni suka cika gidan da lambunsa. Don haka duk lokacin da aka ce mini wurin ba na yara ba ne, nakan ce ai yara sun taɓa mayar da shi gidansu na shekaru.

Bayan yaƙi aka ci gaba, ana ta faɗaɗa tsohon zauren har ya kai kujeru sama da 800, daga ƙarshe ɗan John, wato George Christie, ya rushe shi ya gina sabo mai ɗaukar mutum 1,200, da kuɗin da akasarinsa gudummawar jama'a ce. Aka buɗe shi ranar 28 ga Mayu 1994, shekara 60 cif bayan ranar farko, kuma da wasan Figaro ɗin nan. Har yau iyalin ne ke riƙe da wurin. Bikin kansa daga Mayu zuwa Agusta ake yin sa, ba ya karɓar tallafin gwamnati, tikitinsa yana da tsada, maza suna zuwa cikin baƙaƙen kwat, mata cikin dogayen riguna, kuma ana yin hutu na minti 90 a tsakiyar wasa domin mutane su shimfiɗa a kan ciyawa su ci abinci, da yawansu har da giya. Ba zan ɓoye miki wannan ba, kuma ba can nake tura 'yata ba.

Inda za ta je wata ƙofa ce dabam. A 1968 aka kafa reshen da ya riƙa kai wasanni wasu garuruwa da farashi mai sauƙi, a 1986 kuma aka buɗe sashen ilimi wanda ke aiki da makarantu da matasa. A 1990 sun shirya wasa da ɗaruruwan mutanen garin Hastings, a 2010 kuma matasan yankin, waɗanda da yawansu ba su taɓa hawa dandamali ba, suka yi wasa a babban zauren, BBC ta ɗauki shiri a kan yadda aka horar da su. Yawon garuruwan ya tsaya a 2023 bayan an rage tallafin da hukumar raya fasaha ta Ingila ke bayarwa, abin da na yi baƙin cikinsa domin yaran garuruwa masu nisa ne suka yi asara. Amma wasannin da ake ware wa makarantu a lokacin kaka suna nan, zauren ya cika da yara cikin kayan makaranta da malamansu.

Na taɓa raka ajin yayanta a irin wannan tafiya, shi ya sa nake magana da abin da idona ya gani. Da muka sauka daga mota, tumakin da ke kiwo a bayan lambun ne suka fara ɗauke hankalin yaran, sai da malamai suka yi da gaske kafin a shiga. A ciki hayaniya ta kaure kamar kasuwa, har wani mai busa ya fitar da sauti guda ɗaya siriri da wata 'yar algaita, sauran makaɗan suka bi shi suna daidaita kayansu, fitilu suka fara dusashewa. Wata yarinya da ke gefena, wadda tun a mota bakinta bai huta ba, ta kama hannuna ba tare da ta sani ba. Da mawaƙiyar farko ta ɗaga murya, ɗana ya matso ya raɗa mini, "Mama, ina makirufo ɗinta?" Na ce babu. Ya daɗe yana leƙen bakinta bai yarda ba, kuma har muka dawo gida maganarsa ɗaya ce, yadda muryar mutum ɗaya ta haye kan makaɗa masu yawa ta iso kujerarmu ta can baya. Ya gane a ranar cewa wannan aikin shekaru ne na horo da haƙuri, ya gane da kunnensa ba da wa'azina ba.

Maganar harshe tana da sauƙi. Ana haska fassarar abin da ake rerawa da Turanci a saman dandamali, dabarar da aka fara a Toronto a 1983, kuma yaron da ya riga ya san labarin ba ya ma yawan ɗaga kai. Mu ma mun tashi muna kallon finafinan Indiya ba mu jin ko kalma goma, amma mun san wanda aka zalunta da wanda ya yi zalunci.

Tambayarki ta uku ita ce mai nauyi, kuma a nan ina tare da ke fiye da yadda kike zato. Ba kowace opera ce ta dace da yaro ba. Wasa na biyu da aka yi a Glyndebourne a 1934, Così fan tutte, labarin samari biyu ne da suka ɓad da kama domin su gwada amanar 'yan matansu, kuma ba zan kai 'yar shekara tara ta kalle shi ba komai daɗin kiɗansa. Akwai wasu da ke cike da kisa da cin amanar aure, akwai kuma masu shirya wasa na zamani da kan sa tufafin da ba za mu so yaranmu su gani ba ko da labarin mai tsabta ne. Saboda haka ban sa hannu a takardar ba sai da na nemi sunan wasan, na karanta labarinsa daga farko har ƙarshe, na duba shekarun da aka ce ya dace da su, na kuma tambayi malamar ajin yadda za a yi da abinci da lokacin salla. Da amsar ba ta gamsar da ni ba, da na ƙi, kuma babu malamin da zai ga laifina.

A gida kuwa da Hänsel und Gretel na fara mata, wasan Engelbert Humperdinck da aka fara nunawa a Weimar a 1893, wanda asalinsa 'yan waƙoƙi ne da 'yar'uwarsa Adelheid Wette ta nemi ya sa wa kiɗa domin 'ya'yanta su yi wasa a gida. Labarin wa da ƙanwa ne da yunwa ta kora daji suka faɗa hannun mayya. Na fara ba ta shi da Hausa da daddare, da "ga ta nan, ga ta nanku" yadda aka saba, sannan muka kalli faifan wanda aka yi a Glyndebourne a 2008, kashi kashi cikin kwana uku. A wannan shirin gidan iyayen yaran ƙaton kwali ne, gidan mayyar kuma an gina shi da kantocin babban shago cike da kayan zaƙi, kuma da ta ga haka sai ta ce, "Ashe da alewa ake kama su." Na gaya mata tun da wuri cewa mace ce ke fitowa a matsayin yaron saboda murya, ta ce kamar tashen da Hajiya ta ba mu labari. Akwai wurin da yaran suka yi addu'ar kwanciya irin ta Kirista suna ambaton mala'iku 14 da za su tsare su, sai na tsayar da faifan muka yi magana a kan abin da su suka yarda da shi da abin da muka yarda da shi, ta karanta mini nata addu'o'in barci. Na fi son irin wannan tambaya ta same ta ina zaune kusa da ita.

Na san jikarki ajinsu ɗaya da autata, kuma takardarta tana nan ba a mayar ba. Ban ce ki sa a sa hannu don na sa ba. Faifan yana wurina, labarin wasan da za su gani ma na buga shi a takarda. Idan kin samu sarari ranar Asabar bayan la'asar, ki zo da ita mu kalli kashi na farko tare da yaran, ki gani da idonki kafin ranar da makaranta ta tsayar don mayar da takardu.

Allah ya ƙara girma, ya raya mana zuriya. Wassalam.

Taki,
ƙanwarki, mahaifiyar abokiyar jikarki.